Agogon da Ke Raba Mana Ruwa Ya Rasu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Iliyasu mai rabon ruwa, a madadin kaina da iyalina, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar agogona na hannu. Sanarwar ta fi shafar manoma biyar da muke shan ruwa a layi ɗaya da su, kuma a cikinsu ta fi shafar ɗan'uwana Isiyaku na ƙarshen layi. Marigayin ya cika ranar kasuwar Kura da yamma, a kan keke, a hannuna na hagu, bayan doguwar jinya. Ina roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Wanda zai karanta wa Isiyaku kuma, don Allah ya bari sai yana zaune, ya karanta masa a hankali har ƙarshe, kada ya tsaya a tsakiya.

Marigayin ba a hannuna ya tashi ba. A gwanjo na same shi a Kano, zamanin farar hula, kwance a faranti tare da wasu marayu irinsa. Mai sayarwa ya rantse mini cewa na wani direban jirgin ƙasa ne, ban kuma ga dalilin ƙaryata shi ba, don daga ganin fuskarsa ka san ya yi tafiya. Sunan da ke rubuce a goshinsa ya riga ya goge, gilashinsa da ɗan tabo a gefe. Ba ya cin batir irin agogunan yaran yanzu masu kukan tsuntsu. Abincinsa a murza masa kai da safe, shi ke nan ya ƙoshi har gobe. Muryarsa kuwa a natse take, ƙyas, ƙyas, ƙyas, ba gaggawa ba nawa. Tun ranar farko yana da wani ɗan tari da yakan yi idan na karkata hannu, ƙwas, sau ɗaya, ya wuce. Na tambayi mai sayarwa, ya ce duk tsoho mai lafiya yana gyaran murya.

Saboda baƙi da wannan takarda za ta iya faɗawa hannunsu, ya kamata in faɗi matsayin marigayin a cikinmu. Gonaki shida ne a layinmu, ruwa kuma yana shigo mana daga babban kanal sau biyu a mako, daga safe har ma'aikaci ya rufe ƙofa da yamma. Gonata ce ta farko. Ta Dalhatu, wan matata, ita ce ta biyu. Ta Isiyaku ce ta ƙarshe, can inda ruwa ke isa a gajiye. Kafin zuwan marigayin da inuwa muke rabo, sai ya zamana kowa da irin inuwar da yake gani. Wanda ke ban ruwa ya ce ba ta kai ba, wanda ke jira ya ce ta wuce tun ɗazu. A kan irin wannan musu ne wata shekara Isiyaku ya sunkuci Dalhatu da shebur ɗinsa da komai, ya jefa shi babban kanal. A ƙofar ruwa ta gaba aka tsamo shi. Har yau kunnensa na dama ba ya ji sosai, ni kuma ina tsaye a wurin, na ga yadda Isiyaku ya ɗaga shi ba tare da ya ko yi nishi ba.

Bayan wannan ne mai unguwa ya tara mu, kowa ya yi alkawari a gabansa cewa abin da agogon Iliyasu ya faɗa shi ne hukunci. Tun daga ranar ba a ƙara ɗaga wa kowa fartanya a layinmu ba.

Marigayin mai gaskiya ne. Bai san suruki ba, bai san maigidansa ba. An sha kawo mini goro a ce in ɗan kau da ido, sai in nuna fuskarsa, mai goro ya mayar da goronsa aljihu. Ranar da hadari ya rufe rana a watan azumi, a bakinsa unguwa ke jin lokacin shan ruwa. Ya sha rana, ya sha laka, ya sha warin taki, bai taɓa kai ƙarata ba. Ni da ba kowa ba, da shi na zama mutumin da ake tashi a ba shi tabarma. Duk wanda ya san ni kafin in ɗaura shi ya san abin da nake nufi.

Rashin lafiyarsa ta fara ne a farkon noman ranin bana. Ɗan tarin nan na tsufa ya daina zuwa shi kaɗai. Idan na girgiza hannu sai in ji ƙwaras, ƙwaras, kamar tsakuwa a gwangwani. Bayan wasu kwanaki sai wani siririn kuka ya biyo baya, tsiii, tsiii, a ƙarƙashin bugunsa, wanda ba ka ji sai ka manna shi a kunne ka ɗauke numfashi. Gabana ya faɗi, domin na san ruwa ba ya tsami banza. Na kai shi kunnen duk wanda na yarda da shi. Dalhatu ya saurara da kunnen da Isiyaku ya bar masa, ya ce yashi ne. Mai faci ya ce zafi ne, in riƙa sa shi a inuwa. Mai shayi ya ce irin kukan da tukunyarsa ke yi kafin ta tafasa ne, kada in damu. Matata Sa'a ba ta ko saurara ba. Cewa ta yi, "Malam, ka kai shi Kura wurin masu abin, tun bai zama abin faɗa ba." Na ce mata idan na bar shi a Kura, wa zai raba ruwa ranar Alhamis? Tsoron rabuwa da shi na kwana biyu shi ya ja mini rabuwa da shi har abada.

Sai ga Gidaɗo, makiyayin da muke ba karan gero yana ba mu taki, mutumin kirki da ba ni da abin da zan ce a kansa sai alheri. Ya ɗora marigayin a kunne ya daɗe, yadda yake sauraron cikin maraƙi. Ya ce shi bai san agogo ba, amma a saninsa duk abin da ke kuka haka maiƙo yake nema, ko ƙofa ce ko ƙafar amalanke. Washegari ya aiko mini da man shanu mai kyau a ɗan ƙoƙo, sabon kaɗi. Na ɓalle bayan marigayin da tsinin wuƙa, na tsoma gashin kaza, na shafa masa a duk inda na ga yana motsi, da bisimilla. Ban yi rowa ba.

Kukan ya ɗauke nan take. Na yi murna har na aika wa Gidaɗo da albasa.

Daga nan ne muryarsa ta rabu biyu. Da sassafe, lokacin da sanyi ke sa mutum ya ƙi taɓa ruwa, sai in ji yana ja, ƙyaas, ƙyaas, kamar tsoho yana jan silifa. Idan rana ta take, can bayan azahar, sai ya ɓalle, kas-kas-kas-kas, wani lokaci har da ƙara a ciki, ƙirrr, kamar ana kora shi. Na ji duka biyun, ba zan ce ban ji ba. Na ji tsoro kuma, amma tsoron mutuwarsa nake ji, ban kawo komai a raina game da ruwa ba. Kullum da yamma nakan gwada shi da labarun rediyo, in tarar sun yi daidai, ko kusan daidai. Sai in ce wa kaina ai mai gaskiya ne, murya ce kawai ta tsufa.

Sau biyu Isiyaku ya yi mini magana. Na farko ya ce, "Malam Iliya, kamar ruwana bai kai kunyoyin ƙarshe ba." Na miƙa masa hannu ya ga fuskar marigayin. Ya duba, ya sunkuya ya cire tiyonsa mai ja masa ruwa zuwa gona da hannunsa. Na biyu ya ce, "Da dai ana idar da azahar ba da jimawa ba nake karɓar ruwa. Yanzu sai ladan na gyaran murya zai kira la'asar. Ko ladan ne ya fara sauri?" Na ce masa mai yiwuwa, ladan mutum ne, agogo kuwa ƙarfe ne. Ya sake cire tiyonsa. Ina so a rubuta wannan a gaban kowa: duk tsawon jinyar nan Isiyaku bai karya alkawarin da ya yi a gaban mai unguwa ba ko sau ɗaya. Yana kallo tumatirinsa na can ƙasa ya zubar da fure, ganyen ya nannaɗe, bai ƙara minti ɗaya a kan abin da agogo ya ba shi ba.

Alkamata kuwa ta yi kyau. Ta yi kore shar, ta kai ƙugu, masu wucewa a keke suna tsayawa su kalla. Ban taɓa sanin ana tsoron albarka ba sai bana.

Da ƙarar nan ta tsananta, ya fara tsayawa sai na ɗan buga shi a gwiwa, na haƙura na kai shi Kura wurin Dattijo mai gyaran agogo, wanda teburinsa ke bakin layin masu daddawa. Dattijo ya sa shi a kunne, ya kifa shi ya saurara, ya tayar da shi ya saurara. Sannan ya buɗe bayansa, ya kai hanci, ya ja da baya. Ya ce, "Malam, wannan agogo ne ko malmalar tuwo? Wa ya zuba masa man shanu?" Na roƙe shi ya rufa mini asiri, ya yi magana a hankali. Amma Dattijo irin mutanen nan ne da idan sun gano abu sai kasuwa ta taya su murna. Ya maƙala gilashinsa a ido, ya ɗaga murya, ya yi bayani dalla-dalla. Ya ce da sanyin safe man yana daskarewa ya riƙe ƙafafun agogo, sai ya yi ta jan jiki. Idan zafin rana ya kai, man ya narke ya gangara kan wata 'yar waya siririya kamar gashi, wadda ita ce numfashinsa, ya manne ta, sai agogo ya kama gudu. Duk lattin da ya yi da safe, da yamma yake biya. Ya ce, "Wanda ke da aiki da shi da safe ya ci riba, wanda ke da aiki da shi da yamma Allah ya ba shi haƙuri."

Wanda ke da aiki da shi da safe ni ne, sai wan matata. Wanda ke da aiki da shi da yamma kowa ya san shi.

Na tambayi Dattijo asalin kukan farko, wanda ya jawo duk wannan. Ya girgiza marigayin a tafin hannunsa, wata 'yar ƙusa da ba ta kai ƙwayar gero ba ta faɗo. Ya ce ita ce ta kwance tun tuni take yawo a ciki, da na kawo shi a lokacin, da kafin in gama cin goro ya ɗaure ta. Garin neman gira na rasa ido. Ya wanke shi da kananzir, ya ce tsatsa ta riga ta ci wuri, in tafi da shi gida in yi masa addu'a. Da na juya zan tafi sai na ga Baraka, yayar Isiyaku, zaune a bayan tiren daddawarta, ta dafe haɓa, ba ta rasa ko kalma ɗaya ba. Na gaishe ta, ta amsa da kyau. Ita a mota ta koma gida, ni a keke.

A kan hanyar komawa ne, daidai gadar da ke kan babban kanal, marigayin ya yi maganarsa ta ƙarshe. Ya yi kas-kas-kas da sauri, ya yi ƙirrr, ya yi ƙyas guda ɗaya mai rauni, sai shiru. Na sauka daga keke. Na murza masa kai, na buga shi a gwiwa, na hura masa iska, na kira sunan Allah. Ruwan kanal yana wucewa a ƙarƙashina, cike, da ƙarfinsa, ni kuma ban iya iyo ba. Wannan tunanin ne ya fara zo mini kafin na baƙin ciki, Allah ya yafe mini.

Tun daga ranar Isiyaku bai ce mini komai a kan maganar ba, kuma wannan shi ne abin da ya hana ni cin abinci. Da zagina ya yi, da na samu sauƙi. A maimakon haka gaisuwa yake yi mini mai tsawo, irin wadda bai taɓa yi mini ba, yana tambayar 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, har da na goye. Shekaranjiya an gan shi a maƙera ya kai fartanyarsa an yi mata sabon baki, alhali ba lokacin noman damina ba ne. Jiya na tarar da shi tsaye a bakin gonata, hannuwansa a baya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Masha Allah, Malam Iliya. Alkama ta sha ruwa." Dalhatu kuwa ya tuna cewa yana da wani aiki a Madobi, ya tafi bai ce ga ranar dawowa ba. Ina faɗa a fili, ba kunya: tsoro nake ji. Ina jin tsoron Isiyaku, ina jin tsoron kanal, kuma fiye da duka ina jin tsoron a ce da gangan na yi, domin idan ni ne a ƙarshen layi, da abin da zan ce ke nan.

Marigayin ya rasu ya bar maɗaurinsa na fata wanda gumi ya cinye rabinsa, da gilashinsa mai tabo, da 'yar ƙusar nan da na ƙulle a bakin rawani. Ya bar abokin hirarsa rediyo, wanda ya yi ta ba shi shaidar zur kowace yamma ba da saninsa ba. Ya bar wani farin zobe a fatar hannuna inda rana ba ta taɓa gani ba, wanda har yanzu nake ɗagawa in duba idan an tambaye ni lokaci. Ya bar sauran man shanu rabin ƙoƙo, Sa'a ta zuba a miya, na kasa ci. Ya kuma bar gonaki shida ba alƙali, ga ruwa zai shigo jibi.

Kamar yadda aka saba kafin a kai kowane mamaci, ana cigiyar duk wanda marigayin ya ci wa haƙƙi. Ba sai an yi dogon bincike ba, mutum ɗaya ne, abin da aka ci masa kuma ruwa ne. Mamaci ba ya biya da kansa, magajinsa ke biya, ni ne kuma magajin. Saboda haka ba za a yi gumba ba, ba za a yi waina ba. Sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in duk an haɗa su wuri ɗaya: daga jibi har a gama noman ranin bana, rabona na safe, ruwan farko mai ƙarfi, zai wuce ta bakin gonata ba tare da na sa tiyo ba, ya tafi kai tsaye ƙarshen layi. Na san alkama tana shirin fitar da kai, na kuma san abin da ƙishirwa ke yi mata a wannan lokaci. Sa'a ta ce, "Malam, to me za mu ci?" Na ce mata mai rai ne ke tambayar abin da zai ci. Furen da ya riga ya zube ba zan iya mayar da shi ba. Wannan sai dai a yafe wa mamaci, idan an ga dama a haɗa da mai shi.

Za a yi jana'iza jibi, ranar ruwa. Ba zan iya faɗin ƙarfe nawa ba, tunda mai faɗa shi ne a kwance. A taru idan rana ta ɗago kan ɗorawar bakin kwalbati. Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, na kuma yarda, amma na roƙe shi ya zo duk da haka, ya tsaya kusa da ni. Na roƙi mai unguwa shi ma ya zo ya tsaya ta ɗaya gefen, daga nan sai a zauna a yi shawarar wanda zai gaji marigayin. Ina tunatar da jama'a cewa ni mai zaman makoki ne, kuma a al'adarmu ba a ɗaga wa mai makoki murya, balle a ɗaga shi gaba ɗaya. Ana roƙon masu ta'aziyya su zo hannu sake, a bar shebur da sanda a gida.

Za a binne shi a ƙarshen gonar Isiyaku, a kunyar ƙarshe, inda ruwan bai kai ba, can nesa da babban kanal. Ƙasar wurin ta yi tauri, sai da sabon baki. Tunda na san ɗan'uwana Isiyaku zai zo da fartanyarsa ko an roƙe shi ko ba a roƙe shi ba, shi na ba amanar haƙa kabarin. An riga an auna marigayin a cikin likkafaninsa, bai cika tafin hannu ba, don haka rami taƙi ɗaya ya ishe shi har da sarari. Idan wani daga cikin jama'a ya ga ramin yana neman wuce kamu ɗaya, don girman Allah ya yi magana.